Ɗan Dara Ba Shi Da Uwa: Martani Ga Masu Raina Wasan Fire Emblem

A taron ƙungiyarmu da ya gabata, wani ɗan'uwa marubuci wanda muke ganin girmansa ya miƙe ya yi dogon jawabi a kan abin da ya kira annobar wasannin gem. A cewarsa, waɗannan wasanni na na'ura su ne suka kashe wa yara zuciyar karatu, ba su ƙunshi komai ba sai sare-sare da harbe-harbe, kuma duk marubucin da ya tsaya ya dube su ya zubar da girman alƙalaminsa. Aka yi masa tafi, mu ma muka taɓa hannu saboda ladabi. Amma da aka ba da damar tambayoyi, muka roƙe shi ya faɗa mana sunan wasa guda ɗaya tak da ya taɓa zama ya buga daga farko har ƙarshe, sai ya kada baki ya ce shi ba yaro ba ne. To, a nan gizo ke saƙar. Da a ce wani ne ya tashi a wannan zaure ya yanke wa littafi hukunci alhali ko bangonsa bai buɗe ba, da ba a bar shi ya koma kujerarsa lafiya ba. Ashe ƙa'idar da muke tinƙaho da ita, ta cewa sai ka karanta kafin ka yi sharhi, tana da ranar hutu?

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba mu zo kare kowane irin gem ba, domin kuwa akwai tarkace da yawa a cikinsu, kamar yadda ake samun tarkace a cikin littattafai. Kuɗin goron da aka yi musu shi ne muka ƙi yarda da shi. Za mu ɗauki guda ɗaya, wato Fire Emblem, wanda mutanen Japan suka ƙirƙiro, mu nuna abin da yake riƙe zukatan masu buga shi, sannan mu yi da'awar cewa wannan abin shi ne marubucin ƙagaggen labari yake nema dare da rana, kuma ba kasafai yake samu ba.

Yadda muka faɗa ciki

Mu ma a da muna cikin sahun masu tafi. Abin da ya sauya mu ya faru ne a ajin da muke koyarwa, ranar da muka kama wani ɗalibi da waya a ƙarƙashin tebur. Muka ƙwace, kamar yadda dokar makaranta ta tanada. Bayan an tashi ya biyo mu ofis, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Muka zaci roƙon waya ya kawo shi, sai muka ji ya ce, "Malam, Florina ce ta mutu." Har mun gyara zama za mu yi masa ta'aziyya, sai ya bayyana mana cewa Florina yarinya ce a cikin wasa, mai hawan doki mai fukafukai, mai tsananin kunya, wadda ya yi makonni yana reno tun ba ta iya kayar da kowa har ta zama abin dogaro a rundunarsa. Muka ce, "To, ka sake ta da ita mana, ba wasa ba ne?" Ya ce, "Malam, a nan in mutum ya mutu ya mutu ke nan. Kuma laifina ne, ban ƙirga takun maharbin ba."

Wannan yaro shekara biyu muna fama da shi a kan aikin gida, kuma ba mu taɓa jin kalmar "laifina ne" ta fito daga bakinsa ba. Kullum ko wuta aka ɗauke, ko an aike shi, ko littafin ya ɓata. Sai ga shi yau ya ɗora wa kansa alhakin ran wata halitta da ba ta wuce zane a kan gilashi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Muka ƙudura cewa sai mun ga abin da ke ciki, kuma a dogon hutun da ya biyo baya muka ari na'ura wurin wani ƙaninmu muka zauna. Gani ya kori ji.

Mene ne wasan?

Fire Emblem na farko ya fito ne a Japan ranar 20 ga Afrilu, 1990, a kan na'urar Famicom. Kamfanin Intelligent Systems ne ya haɗa shi, kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto ya fitar da shi, kuma wanda ya tsara shi sunansa Shozo Kaga. Labarin wani yarima ne mai suna Marth, wanda aka ci ƙasarsu Altea da yaƙi, ya yi gudun hijira zuwa tsibirin Talys, sannan ya dawo da 'yan tsirarun mutane domin ƙwato gadon gidansu. Shekara 13 wannan jerin wasanni yana tsare a Japan da harshen Japananci. Sai a 2003 aka fitar da na farko da Ingilishi, bayan da mutanen waje suka ga Marth da wani tauraro mai suna Roy a cikin wasan Super Smash Bros. Melee na 2001 suka shiga tambayar su wane ne. Na 2003 ɗin nan shi ne ɗalibinmu yake bugawa.

Wanda yake zaton saurin yatsa ake nema ya yi kuskure. An yanka fagen yaƙi gida-gida, kuma bi da bi ake yi: ka motsa mutanenka ɗaya bayan ɗaya, in ka gama abokan gaba su motsa nasu. Kana iya zura wa allo ido na minti 10 ba wanda zai taɓa ka. Kowane soja yana da adadin gidajen da zai iya takawa. Mahayin doki ya fi mai sulke nisan zango, mai sulke ya fi shi jure sara. Daji yana rage gudu amma yana ba da kariya. Mai doki mai fukafukai yana tsallake kogi da dutse, amma kibiya ɗaya tana iya kakkaɓo shi, wanda shi ne abin da ya ci Florina. Tun daga wasan 1996 aka kafa wata ƙa'ida mai kusurwa uku: takobi yana rinjayar gatari, gatari yana rinjayar mashi, mashi yana rinjayar takobi. A mafi yawan wasannin makami yana da iyakar amfani, in ya ƙare ya karye a hannunka. Kafin ka kai sara za a nuna maka lissafi, alal misali a ce damar samun sa'a kashi 85 ce cikin 100, ya rage naka ka yanke shawara ko za ka jingina ran mutum a kan ragowar kashi 15 ɗin.

Akwai wani tarko da aka ɗana wa mai gaggawa tun a wasan farko. An ba Marth wani tsohon barde mai suna Jagen, wanda a farkon tafiya ya fi kowa ƙarfi. Sabon shiga sai ya riƙa tura shi gaba yana share fage, yana murna. Amma soja ba ya ƙaruwa sai da gwagwarmayar da ya yi da hannunsa, shi kuwa tsohon ya riga ya kai maƙura, ba ya ƙara komai na a zo a gani. In aka yi nisa sai ka tarar tsoho ya gaza, matasan da ka hana su taɓa yaƙi kuma suna nan jiya i yau. Duk malamin da ya saba jefa tambaya ga ɗalibi ɗaya mai ƙoƙari don darasi ya yi sauri, har ranar jarrabawa ta zo ta tona asirin sauran 59, ya san wannan ciwo.

Bambancinsa da dara

Wani zai ce, in dai dabara ce ai muna da dara, ga ta nan a gindin kowace bishiya, ba ta cin batir. Gaskiya ne, kuma su ma mutanen Japan suna da tasu mai suna shogi, wadda ake yi a kan allo mai gida 81, kowa da 'ya'ya 20. Ba mu raina ko ɗaya ba. Sai dai ɗan dara tsinke ne ko tsakuwa. In aka cinye shi ka ji haushin an fi ka wayo, amma ba za ka yi kewarsa ba, domin ba shi da suna, ba shi da uwa, kuma wanda ke kusa da shi daidai yake da shi. Gwanin dara ma yakan ba da ɗa ɗaya da gangan don ya ci biyu, a yaba masa.

Abin da Kaga da abokan aikinsa suka yi shi ne suka ba kowane ɗan dara fuska da suna da garinsu da dalilin da ya fito yaƙi, sannan suka ce in ya faɗi ba zai tashi ba har ƙarshen labari. Daga wannan ƙa'ida guda ɗaya komai ya sauya. Lissafi yana ce maka ka ajiye wancan yaron a bakin gada ya tare hanya, in ya mutu sauran sun tsira. Zuciya tana tuna maka cewa yaron nan jiya ya gama ba abokinsa labarin ƙanwarsa da ke jiransa a gida. Tun daga farkon shekarun 2000 aka shigo da tsarin hira tsakanin sojoji: biyun da suka daɗe suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa sai su fara zantawa, sirri ya fito, a yi abota ko soyayya, kuma ƙarfinsu ya ƙaru in suna kusa da juna. In ɗaya ya mutu, ragowar hirar ta tafi da shi kabari, ba za ka taɓa jin ƙarshenta ba. Hatta a cikin abokan gaba akwai masu suna, waɗanda in ka tura wanda ya dace ya yi musu magana za su sauya sheƙa. A wasan farko, gimbiya Caeda ce take tarar wani mugun mai takobi, Navarre, da baki kawai, ya dawo ɓangarenta. Wanda ya yi gaggawar sare shi ya yi asarar ɗaya daga cikin gwanayen wasan, kuma ba zai ma san abin da ya rasa ba.

Saboda haka zargin cewa wasan yana koya wa yaro raina rai ya kife a kan fuskarsa. Ba mu taɓa ganin wani abin nishaɗi da yake sa mutum ya yi tsantseni da ran na ƙasa da shi kamar wannan ba. A ƙarshen wasa ana jero sunayen mutanenka ɗaya bayan ɗaya, a faɗi abin da kowa ya zama bayan yaƙi, wannan ya koma gona, wancan ya yi aure. Wanda ya mutu kuwa sai a rubuta inda ya faɗi, shi ke nan. Ka zauna kana kallon sakamakon sakacinka yana wucewa a rubuce.

Masu cewa babu labari

Ga masu da'awar cewa babu zubi da tsari a cikin irin waɗannan wasanni, muna gabatar musu da na 1996, mai suna Genealogy of the Holy War. Mai wasa yana bin wani basarake, Sigurd, tun daga ranar da ya fita ceto wata ƙawarsa da aka sace, yana cin gari bayan gari da kyakkyawar niyya, ba tare da ya lura cewa kowace nasara tana ƙara kusantar da shi ga ramin da aka haƙa masa ba. A tsakiyar labari, bayan sa'o'i masu yawa ana wahala tare, aka gayyace shi Belhalla da sunan karrama shi, a nan Arvis ya sa aka yi wa rundunarsa ruwan wuta, shi ma aka kashe shi. Babu dabarar da za ta hana wannan. Daga nan labari ya tsallake shekaru, ɗansa Seliph ya ɗauki takobi, kuma yaran da suka taru a bayansa su ne 'ya'yan auren da mai wasa ya ƙulla a kashi na farko, kowa da irin baiwar da ya gada daga iyayensa. Matar da ka bari ta mutu ba ta yi aure ba, ba za ka ga 'ya'yanta ba, sai a ba ka wasu a madadinsu. Muna tambaya, marubuta nawa ne a cikinmu suke da ƙarfin zuciyar kashe babban tauraronsu a shafi na 100 cikin littafi mai shafi 200, su kuma sa mai karatu ya ci gaba?

Amma wanda ya fi taɓa mu, a matsayinmu na masu riƙe alli, shi ne Three Houses, wanda ya fito a watan Yuli na 2019 a kan na'urar Switch. A nan mai wasa malamin makaranta ne. An ɗauke shi aiki a makarantar horar da hafsoshi ta Garreg Mach, a tsakiyar wata nahiya ta ƙage mai suna Fodlan, aka ce ya zaɓi aji ɗaya cikin uku, kowanne da ɗalibai 8. Ajin farko na Edelgard ne, magajiyar daular Adrestia. Na biyu na Dimitri, yariman Faerghus. Na uku na Claude, jikan shugaban ƙawancen sarakunan Leicester. Rabin wasan aikin da muka sani ne: tsara darasin mako, lura da wanda ya gaji, gano cewa wannan yarinya da aka ba baka ta fi dacewa da doki, shirya yara jarrabawa, cin abinci tare da su, har da mayar wa mutum abin da ya yar a tsakar makaranta. 'Yan sauran azuzuwan ma kana gaisawa da su kullum, wasu har su nemi dawowa ajinka.

Sannan sai yaƙi ya ɓarke, shekara 5 ta wuce, yaran nan suka zama manya, kowa ya koma ƙarƙashin tutar ƙasarsu. Akwai wani fili mai suna Gronder inda azuzuwan uku suka taɓa yin gasar yaƙin wasa lokacin suna 'yan makaranta, aka tashi aka ci abinci tare ana dariya. A wasu rassan labarin sai an koma wannan fili, da mutanen nan dai, amma da makamai na gaske. Akwai wata yarinya, Bernadetta, matsoraciya, wadda ko fitowa daga ɗakinta ba ta son yi. In ba ka jawo ta ajinka ba tun da wuri, za ka tarar da ita a kan tudun da ke tsakiyar filin, tana harbin mutanenka. Mun daɗe a gaban wannan allo muna neman hanyar da za mu kewaye ta. Duk wanda ya koyar shekara 20 ya san cewa yaran da suka zauna a benci ɗaya ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma wata rana yakan ji labarin da zai sa ya tambayi kansa ko akwai abin da ya kamata ya yi tun suna hannunsa.

Kuma wasan bai ba ka mugu ƙarara da za ka tsana ka huta ba. Edelgard ce ta kunna wutar yaƙi, amma dalilinta shi ne rusa tsarin da ya ɗora darajar mutum a kan wani tambari da ake gado a jini, tsarin da ya sa wani uba ya tsallake babban ɗansa Miklan ya ba ƙaninsa Sylvain gado, har babban ya zama ɗan fashi. Dimitri yana da gaskiyar wanda aka kashe wa uba a gabansa, amma neman fansa ya kusa haukata shi. Labarin ya rabu gida 4, kuma babu reshen da ya ba ka gaskiya dukanta. Sai ka sake bugawa daga wani ajin sannan za ka gane cewa wanda ka kashe jiya kana murna yana da hujjarsa. In wannan ba jigo ba ne, a faɗa mana mene ne jigo.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba za mu yi tuya mu manta da albasa ba. Wasan yana cin lokaci, domin reshe ɗaya na Three Houses yana iya lashe sa'o'i 40 ko fiye, kuma ɗalibin da ya kawo waya aji ya karya doka ko me yake bugawa. Wayar yaron nan ma sai ƙarshen zango muka mayar masa. Na'urar tana da tsada. Duniyar labarin tana da allolinta na ƙage da dodanni da tsafi, kuma shigar da ake zana wa wasu mata ba ta dace da tarbiyyarmu ba, don haka wajibi ne uba ya san abin da ɗansa yake kallo, kamar yadda ya wajaba ya san littafin da ke ƙarƙashin matashinsa. Akwai kuma Fire Emblem Heroes na wayar hannu, wanda ya fito a 2017, inda ake iya zuba kuɗi na gaske a ja ƙuri'a ko a dace da tauraron da ake so. Wannan kam caca ce aka sa wa riga, kuma ba mu da abin cewa a kanta sai a guje ta.

Amma batun cewa yana kashe karatu, a nan mun ja daga. Wanda ba ya karatu ba zai iya buga wannan wasa ba, domin hira ce shafi bayan shafi, kuma wanda ya tsallake ta shi ne zai sare mutumin da ya kamata ya lallasa. Yaron da muke cewa ba ya son karatu, ga shi yana bin labarin mutum 40 da harshen da ba nasa ba, ya san asalin kowa da abokin gabar kowa. Ashe ba karatun ne ba ya so ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya kamata mu dubi abin da muke miƙa masa.

Su ma masu wasan muna da ƙorafi a kansu

A 2010 kamfanin ya shigo da wani zaɓi na sauƙi, inda sojan da ya faɗi yake tashi garau bayan an gama yaƙin. Wasan Awakening na 2012 ya yaɗa wannan zaɓi a duniya. An sanar da masu haɗa shi cewa in bai sayar da kwafi 250,000 ba shi ne na ƙarshe, sai ga shi ya haura miliyan ɗaya ya ceci jerin gaba ɗaya. Daga 2017 kuma aka ƙara wata dabara ta mayar da lokaci baya a goge kuskure. Mun fahimci dalilin kasuwa, kuma mun yaba da ba su cire tsohuwar hanyar ba, tana nan ga mai so. Amma ra'ayinmu shi ne wanda ya zaɓi hanyar sauƙi ya sayi rago ne aka ba shi fata.

Za a ce mana ai ko a tsohuwar hanyar mutane da yawa in soja ya mutu kashe na'ura suke yi su sake yaƙin daga farko, to ina bambanci? Bambancin a fili yake. Wanda ya zubar da wahalar sa'a guda don ya ceto wata yarinya mai doki da ba ita ce tauraruwar labari ba, ya biya diyya da lokacinsa, kuma ya shaida da aikinsa cewa ranta yana da daraja a wurinsa. Wanda ya ƙi sakewa ya ci gaba da giɓi a rundunarsa, shi ma ya biya, zai ɗauki tabon har ƙarshe. Na ukun ne kaɗai bai biya komai ba, kuma da wuya ya tuna sunan kowa bayan wata guda, domin an mayar masa da mutane tsakuwar dara.

Abin da ya shafe mu

Ya ku 'yan'uwa, musamman masu tasowa da suke turo mana rubutunsu mu duba, wannan cuta ta hanyar sauƙi ta daɗe a cikin labaranmu tun kafin ta shiga na'ura. Sau nawa muka karanta labarin da aka ce tauraro ya mutu a haɗarin mota, bayan babi uku ya dawo, wai ashe wani ne ya ari rigarsa? Sau nawa aka kashe direba ko mai gadi ko 'yar aiki a layi ɗaya, ba suna, ba dangi, ba wanda ya sake ambatonsu, don kawai a nuna cewa mugu mugu ne? Mai karatu ba wawa ba ne. Da zarar ya gane cewa marubuci ba zai bari wani abu ya sami 'yan gabansa ba, kuma sauran mutanen littafin tsakuwa ne, sai ya daina jin tsoro, in ya daina jin tsoro kuwa ya daina damuwa, sai ya rufe littafi ya jawo waya.

Darasin da ke cikin wannan wasa na Japan ba ya buƙatar wutar lantarki. Ka ba ƙaramin tauraro suna da buri da wanda yake jiransa a gida kafin ka taɓa shi. In ka kashe, ka bar shi a kashe, kuma ka bari a ga gurbinsa a sauran shafuka. Ka sa masifa ta fito daga zaɓin da tauraro ya yi da hankalinsa, yadda zai iya cewa "laifina ne". Ka ba abokin gaba hujjar da za ta sa mai karatu ya yi jim. Ba abin kunya ba ne a ɗauki darasi daga baƙi. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo daga tatsuniyoyin Larabawa da na Turawa da na Indiya ya gina Magana Jari Ce, kuma ba wanda ya ce ya zubar da girman alƙalami.

Muna kira ga ɗan'uwanmu mai jawabi, cikin girmamawa, da ya nemi ɗaya daga cikin 'ya'yansa ko jikokinsa ya zauna kusa da shi na yamma ɗaya, ya tambaye shi sunayen mutanen da ke cikin rundunarsa da wanda ya rasa a hanya. In ya saurara ya ga babu komai a ciki, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ya dawo ya ƙaryata mu da hujja, za mu karɓa hannu bibbiyu. Amma hukunci kafin sani ba aikin marubuci ba ne. Shi kuwa ɗalibin namu, da ya karɓi wayarsa a ƙarshen zango mun tambaye shi ko zai sake yaƙin ya ceto Florina. Ya ce a'a, zai ƙarasa a haka, don ya riƙa tunawa ya ƙirga taku. Allah Ya sa mu dace, amin.